Jirgi mai inji don doguwar tafiya a kogin Isa: daga ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Yamai, ina zaune a Harobanda. Na daɗe ina burin in sa a ƙera mini jirgi mai inji wanda za mu iya kwana a cikinsa, ni da mutum shida, da kaya kamar tan 2, mu sauka Gaya mu dawo, in hali ya yi har Ayoru. Wani abokina ya ce in sa a yi mini jirgin ƙarfe mai faɗi, in ɗaura masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 75 guda biyu. Wani kuma ya ce katako ya fi. Ta ina zan fara, kuma wane inji ne ya dace?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya cika maka burinka. Abin da na fahimta shi ne kana son jirgin da zai ɗauki mutum bakwai da tan 2 na kaya, ya yi tafiyar kwanaki ba tare da an tsaya neman mai a kowane gari ba, ya kuma dawo da ku lafiya. Ka tambayi inji da abin ƙira, amma zan bar su sai daga baya, domin a shekarun da na yi ina ƙera jirage da gyaransu a bakin kogin nan, yawancin waɗanda na ga sun yi asara da inji suka fara. Sukan sayi inji tukuna, sannan su nemi jirgin da za su liƙa masa. Kogi ne ke faɗin irin jirgin da za a yi, nauyin kaya ya faɗi girmansa, shi kuma girman ya faɗi injin.

Kogin da za ka bi

Kogin Isa ya kai kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku a Najeriya, kuma kimanin kilomita 550 nasa ne ke cikin Nijar. Abin da ya shafe ka shi ne yadda ruwansa ke hawa da sauka a nan Yamai. Cika biyu muke samu a shekara. Ta farko ita ce ta damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke zubo jan ruwa mai laka. Ta biyu ita ce ruwan Gini, wanda yake daɗewa yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu, ya kai ƙololuwa wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan sai ruwa ya yi ta ja da baya har Mayu da Yuni, tudun rairai da duwatsu su fito fili. Manyanmu ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogin ya tsaya cik a Yamai, mu kuma ba mu manta da Satumbar 2020 ba, da ruwa ya fi ƙarfin madatsai ya shiga unguwanni, har da taku ta Harobanda.

Wannan yana nufin jirginka dole ya zama mai tafiya a ruwa mara zurfi. Duk santimita 10 da ka rage a zurfin da jirgi ke nitsewa, ka ƙara wa kanka makonnin aiki a shekara. Ni ba na wuce santimita 40 zuwa 45 da cikakken kaya. Kuma rumfarsa kada ta yi tsayi, saboda lokacin cika tazarar da ke tsakanin ruwa da ƙarƙashin gada tana raguwa, kuma kana da gadoji a Yamai kaɗai har uku: ta Kennedy, da ta biyu wadda 'yan Sin suka gina, da ta Seyni Kountché.

Hanyar Gaya ta fi ta Ayoru sauƙi ga jirgi mai nauyi. Daga Tilaberi zuwa sama kogin yana rarrabuwa tsakanin tsibirai da duwatsu, ga dorina a yankin Ayoru, ga kuma aikin madatsar Kandaji a can. Ta ƙasa kuwa, bayan Kollo da Sayi, kogin yana yin lanƙwasar nan da ta ba gandun dajin W sunansa. Dukkan hanyoyin biyu suna ratsa yankunan da matsalar tsaro ta shafa a 'yan shekarun nan, don haka kafin kowace tafiya sai ka nemi izini da labari daga hukuma. Wannan ba abin da ƙira za ta magance ba ne.

Dogo, siriri, mai tafiya a hankali

Ga ginshiƙin maganar. Jirgin ruwa iri biyu ne ta fuskar gudu. Akwai mai ture ruwa yana ratsawa, kamar kwale-kwale da pinas, wato dogon jirgin katako mai ɗaukar mutane da kaya. Akwai kuma mai hawa saman ruwa yana zamewa, kamar ƙananan jiragen jami'an tsaro da kake gani suna tsala gudu. Na biyun yana bukatar sauƙin nauyi da ƙarfin inji mai yawa, doki 40 zuwa 50 ko fiye ga kowane tan. Jirginka zai kusa tan 6, ke nan sai ka nemi wajen doki 250 kafin ya tashi. Doki 150 ɗin da abokinka ya ba da shawara ba za su ɗaga shi ba. Abin da za su yi shi ne su danne bayan jirgin cikin ruwa, goshi ya ɗaga sama, ya riƙa jan ƙatuwar igiyar ruwa yana kifar da kwale-kwalen masunta, alhali kowane inji, in an buɗe masa wuta, yana shan isansi sama da lita 30 a awa.

Jirgi mai ture ruwa kuwa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa. Dalili shi ne yana tayar da igiyar ruwa a goshi, kuma yayin da gudu ke ƙaruwa igiyar tana ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A nan sai jirgin ya zauna cikin kwarin igiyar da shi ya haƙa, duk ƙarin wuta sai ya tafi a banza. Lissafin mai sauƙi ne: ka ɗauki tsawon jirgi a layin ruwa, wato daidai inda ruwa ke tsayawa a jikinsa, da mita, ka nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawon, sannan ka ninka ta da 4.5. Abin da ya fito shi ne iyakar gudun da kilomita a awa. Jirgi mai mita 9 yana tsayawa wajen 13.5. Mai mita 12 yana kai 15.6. Mai mita 16 ya kai 18. Ka ga dalilin da ya sa maƙeran pinas na Mopti suke yin jiragensu dogaye sirara tun kafin wani ya rubuta musu lissafi. Ido da hannu ne suka koya musu.

Amma ba a tafiyar nesa a kan iyakar gudu. Jirgi mai mita 12 da nauyin kusan tan 6 yana bukatar wajen doki 25 don ya kai kilomita 15 a awa, amma doki 10 sun ishe shi ya yi 11. Ka duba wannan da kyau: ka rage gudu da kashi ɗaya cikin huɗu, bukatar ƙarfi ta faɗi ƙasa da rabi. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma a kan ruwa wannan lissafi ne da ake aunawa da lita. Jiragen da ke ratsa manyan tekuna da inji ɗaya ma a kan wannan ƙa'idar suke tafiya.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanci kogi. A ruwa mara zurfi igiyar ruwa ba ta iya wuce wani gudu, kuma a zurfin mita 1 wannan gudun kusan kilomita 11 ne a awa. In ka matsa kusa da shi za ka ji jirgi ya yi nauyi, bayansa ya nutsa, farfela ta kusanci ƙasa. Matuƙin da bai sani ba sai ya ƙara wuta, ya daki rairai. Wanda ya sani rage wuta yake yi.

Nauyi da awo

Kafin a yanka ƙarfe ko katako, ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da zai hau jirgin. In na ƙarfe ne, gangar jiki da haƙarƙari da bangayen ciki za su kai wajen tan 2. Inji da akwatin giya da sandar farfela da batura, kilo 300. Gazuwal lita 250, wajen kilo 210. Ruwan sha lita 200, kilo 200. Mutum bakwai, kilo 500 da ɗoriya. Rumfa da shimfiɗu da kayan girki, kilo 300. Sai kayanka tan 2. Jimilla ta kusa tan 5 da rabi.

Jirgi yana nitsewa ne har sai ya ture ruwan da ya yi daidai da nauyinsa, kuma ruwan kogi mai cika akwati mita ɗaya ta kowane gefe tan 1 ne. To, ka ɗauki tsawo mita 12, faɗi mita 2.4, zurfin nitsewa mita 0.4. In ka ninka su za ka samu 11.5. Amma jirgi ba akwati ba ne, yana tsukewa a goshi da baya, don haka ga irin wannan ƙirar sai ka ɗauki kamar rabi, wato tan 5.7. Ya yi daidai da bukatarka. Wannan shi ne jirgin da zan ba ka shawara: mita 12 a layin ruwa, 13 gaba ɗaya, faɗi 2.4, gindi kusan shimfiɗaɗɗe a tsakiya, goshi mai kaifi. Gefensa ya tashi aƙalla santimita 50 sama da ruwa bayan an gama lodi, goshin ya fi haka, domin iskar da ke zuwa gaban hadari tana tayar da igiyar ruwa a wurare masu faɗi fiye da yadda mutanen tudu ke zato.

In kuɗi sun ba ka dama, ƙara tsawo, kada ka ƙara faɗi. Mita 2 na ƙarin tsawo suna ba ka wuri da gudu kusan kyauta, rabin mita na ƙarin faɗi kuwa mai zai riƙa ci har ranar da jirgin ya tsufa.

Katako ko ƙarfe

Duka biyun suna aiki, kuma wanda ya ce maka katako ya fi bai yi ƙarya ba. Jirgin maɗaci da gwani ya haɗa yana daɗewa, ba ya zafi, ana gyara shi a kowane ƙauyen bakin kogi. Matsalarsa biyu ce. Katako mai kyau, dogo, busasshe yana ƙara wuya da tsada. Sannan ƙirar gargajiya ba ta da haƙarƙari masu yawa, girgizar injin gazuwal tana sassauta haɗin alluna, sai a wayi gari an ajiye yaro guda aikinsa kwalfe ruwa kawai.

Ga jirgin da za a kwana cikinsa, mai inji a ciki, ni ƙarfe nake zaɓa, saboda a Yamai masu walda da farantin ƙarfe, wanda muke kira tol, ba su da wuyar samu, kuma ƙarfe in ya daki dutse lotsawa yake, ba ya tsagewa. Ka sa mai kaurin milimita 4 a gindi, milimita 3 a gefe. Kada wani ya ruɗe ka da cewa mai kauri ya fi: kowace milimita ɗaya tana ƙara kusan kilo 8 a kowane murabba'in mita, kuma ƙarfin jirgi daga haƙarƙarinsa yake fitowa, waɗanda nake jerawa kowane santimita 50, da dogayen ƙarafa masu bin tsawonsa. A ƙera shi a kife, a fara ɗiga walda a ko'ina kafin a cike, a kuma riƙa yi gajere-gajere ana sauya gefe. Mai waldan ƙofa da taga da ya ja layi ɗaya daga goshi zuwa baya zai ba ka jirgi karkatacce da ba zai taɓa tafiya miƙe ba. Bayan an gama, a shafa alli jiƙaƙƙe a bayan kowane layin walda, a bari ya bushe, a shafa kananzir ta ciki. Duk inda akwai huda, ko ta kai ƙanƙantar bakin allura, kananzir zai ɓullo ya ɓata allin. Sannan a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari kafin fenti, ciki da waje. Jirgin ƙarfe daga ciki yake ruɓewa, a lungunan da ruwa ke kwanciya.

Zafi kuwa gaskiya ne, a Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. Maganinsa rumfa ta katako mara nauyi ko tamfol mai kauri, farin fenti, da gefe a buɗe da ragar sauro.

Inji

Injin gazuwal na cikin jirgi mai doki 28 zuwa 35, da akwatin giya mai rage juyi kamar sau 2.5 zuwa 3, shi ne abin da ya dace. Irin wannan inji yana shan kamar lita 0.2 ga kowane doki da yake bayarwa a awa, injin waje mai haɗa isansi da baƙin mai kuwa yana shan ninki biyu ko fiye. Ga kuma batun wuta: tururin isansi ya fi iska nauyi, yana taruwa a gindin jirgi yana jiran tartsatsi, kuma kai jirgin da za a yi girki a ciki kake so.

Mu auna tafiyarka. Mu ɗauka kilomita 300 ne zuwa Gaya, ruwa kuma yana gudu kilomita 3 a awa. Da gudun 11, a gangara kana cin 14, wato awa 21 da ɗan abu. A dawowa kana cin 8, awa 37 da rabi. Jimilla kusan awa 60. A lita 2 da rabi kowace awa, lita 150 ke nan. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na ajiya, ka samu 200, shi ya sa na rubuta tanki mai lita 250. Da yake da rana kawai ake tafiya, kwana uku ne zuwa, huɗu ko biyar dawowa. A hawa ruwa kada ka rage gudu ƙwarai don tsimin mai, domin kowace awa da ka ƙara, ruwa yana maido ka baya kilomita 3.

Abu biyu ne ke kashe inji a kogin nan, kuma dukkansu na ɗanɗana. Na farko sanyaya inji da ruwan kogi kai tsaye. A ɗaya daga jiragen da na fara yi haka na yi, muna ƙasa da Sayi cikin jan ruwan damina laka da kainuwa suka toshe mashigar ruwa, rairai ya cinye robar famfo, inji ya yi zafi ya tsaya, muka kwana biyu a gaɓa. Tun daga ranar, a jirgin ƙarfe sai in yi waldar wata doguwar hanya ta ƙarfe a jikin gindin, ruwan inji ya riƙa zagayawa a cikinta a rufe, kogi yana sanyaya shi ta jikin ƙarfen ba tare da ya shigo ba. Na biyu gazuwal mai datti ko ruwa. Ka sa matata biyu, ta farkon mai raba ruwa da mai, ka kuma yi wa tanki mafita a can ƙasansa don zubar da gurɓi.

Farfela kuma a ɓoye ta. Ana lanƙwasa gindin jirgi ta baya ya yi kamar rami, farfela ta zauna a ciki, a sa ƙarfe mai ƙarfi a ƙarƙashinta ya tare mata dutse da kututture. Ka bar ƙaramar ƙofa a samanta, wadda bakinta ya fi layin ruwa tsayi, don ka iya zura hannu ka cire ragar masunta ba sai ka shiga ruwa ba. Ka tafi da farfela ta biyu, da ƙaramin injin waje mai doki 15 na ko-ta-kwana, da gora biyu dogaye, da anga mai igiya isasshiya.

Abin da ke kifar da jirgi

A nan nake so ka fi saurarona, saboda jirgi siriri yana da sharaɗi. Nauyi ya zauna ƙasa. Buhuna a gindi, tanki a gindi, batura a gindi. Kan rumfa ba wurin kaya ba ne, ba wurin zaman mutane ba ne, faifan sola ɗaya ko biyu kawai ya isa. Yawancin haɗurran da muke ji a kogin nan da na maƙwabta daga lodi fiye da ƙima da tafiyar dare suke zuwa. Ka sa a ja layin fenti mai haske a gefen jirgi a daidai iyakar lodi, in ruwa ya taɓa shi kada a ƙara ko da buhu ɗaya, ko na surukinka ne.

Ruwan da ya shiga cikin jirgi ya fi kayan da ke sama haɗari, domin in jirgi ya karkata sai duk ruwan ya kwarara gefe guda ya ƙara danne shi. Saboda haka a raba cikin jirgin da bangayen ƙarfe da ruwa ba ya ratsawa: ɗaya kamar mita ɗaya da rabi daga goshi, ɗaya gaban inji, ɗaya bayansa. In goshi ya fashe a kan dutse, ɗakin gaba kaɗai zai cika. Tankin mai shi ma a raba cikinsa da faranti masu huda. Ka sa famfon hannu ban da na batir, da abin kashe gobara biyu, da rigar ruwa ga kowane mutum, a jikinsa, ba cikin akwati ba. Hayaƙin inji kuma a fitar da shi nesa da wurin kwana, saboda gubar da ke cikinsa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci.

Ranar da aka saka jirgin a ruwa, kafin iyali su hau, a loda masa buhunan rairai daidai nauyin kayanka a wuri mara zurfi, mutum bakwai su taru a gefe ɗaya. In gefen ya kusa shan ruwa, ko jirgin ya yi jinkirin miƙewa bayan sun koma tsakiya, a rage rumfa ko a sauke nauyi ƙasa kafin a je ko'ina.

Lambobin da na ba ka na fara magana ne da maƙeri, ba zanen da za a yanka ƙarfe a kansa ba. Jirgin da zai ɗauki rayuka ya cancanci injiniyan jiragen ruwa ya duba zanensa da daidaitonsa, kuma hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa zane-zanen ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi da masu kaifin gindi waɗanda za su taimaka wa maƙerinka ya ga yadda ake jera haƙarƙari. Duk abin da na faɗa kuma na kogi ne, jirgin teku zurfi da nauyin gindi yake bukata, akasin wannan. Sannan tudun rairai yana ƙaura kowace shekara, hanyar da aka bi bara tana iya rufewa bana. A tafiyarka ta farko ka ɗauki ɗaya daga Sarkawa ko matuƙan pinas da suka saba da wannan yankin, ka biya shi da kyau, ka zaunar da shi a goshi da gora a hannu. Ka fara da zuwa Kollo ka dawo, sannan Sayi, kana rubuta awa da litar da ka sha a kowane zango. Lokacin da ya fi dacewa da saukar Gaya ta farko shi ne Disamba ko Janairu, ruwa ya cika, hadari ya wuce.